Hantsakin Haske

Ƙarfe biyun dare a San Luis Potosi.
Bas ta ƙarshe ta wuce, bango ya bar kaɗawa.
Na sauka ɗakin ƙasa, na tuɓe takalmi a bakin ƙofa,
domin a nan takun ƙafa ma girgizar ƙasa ce.

Cikin ɗigon ruwa, tsakanin gilashi biyu,
akwai ƙwaya guda.
Jera ɗari irinta, da ƙyar su kai kaurin gashin gira.
Na kama ta da hantsakin haske,
siririn jan haske mai riƙo ba taɓawa.

Na kama ta, na ce? Na cika baki.
Dubi allo, ba ta tsaya ba:
hagu, dama, baya, wani hagun,
ba ganga, ba makaɗi, sai rawa.
Ruwan nan da ya kwanta kamar mai barci
kasuwa ce ke ci a cikinsa,
'yan mitsi-mitsin da ido bai isa ya gani ba
suna bangaje ta ta kowace fuska,
ba gaba, ba ƙiyayya,
ɗumi ne kawai ya hana su zama.

Aikina in auna ƙarfin da ke jan ta,
ƙarfin da in an ɗora shi a sikeli
kusa da fiffiken sauro,
fiffiken sauro dutse ne.
Ta yaya zan ji raɗa a tsakiyar kasuwa?

Shekara guda ina kokawa da rawar.
Na sanyaya ɗaki, na toshe kafar iska,
na riƙe numfashi har idona ya yi duhu.
Ita ko a jikinta.

Wata safiya Dokta Arreguin ta leƙo, kofi a hannu,
ta dubi zanen da ya zama tamkar tonon kaji.
Ta ce, "Citlali, me rawar nan ta tsare miki?
Kin taɓa hango akuya a turke daga nesa?
Ba kya ganin igiya,
amma da'irar da ta cinye a ciyawa
ita za ta faɗa miki labarin igiyar.
Inda ƙwayar ta fi zama, can ake jan ta.
Inda take ƙin zuwa, akwai tudu a wurin.
Ki bar ta ta yi yawo. Ke dai ki ƙirga."

Na ƙirga.
Hoto dubu a daƙiƙa guda, har asuba.
Kowane ɗaya, shi kaɗai, maƙaryaci ne.
Da suka taru suka kai miliyan
sai suka ɗan karkata gefe guda,
kaɗan ƙwarai, kamar mai jin kunya zai nuna hanya da leɓe.
Ashe abin da na ɗauka ɓarawo
shi ne ke riƙe da mudun awo.

Na isa gida rana na hudowa.
Babana Nemesio yana zaune gaban kunun masara.
Shekara talatin ya yi a rami yana haƙo azurfa,
yanzu hannun dama ya ƙi jin maganarsa:
hagu, dama, baya, wani hagun.
Da, nakan cafke wuyan hannun in danne,
shi kuma ya kau da kai ya dubi bango.

Yau ban taɓa shi ba.
Na zauna, na zuba ido, na ƙirga a zuci.
Ƙarƙashin makyarkyatar akwai inda hannun ya dosa,
ba ƙoƙon kunu ba ma,
gutsuren burodin da ke bayansa.

Na tura farantin da ɗan yatsa, taƙi guda bai cika ba.
Ya kama.
Bai dube ni ba, ban dube shi ba.
Kunu ya ɗan zube a tebur,
na bar shi nan sai da ya gama ci.